Haidar Mai Kirari da Takunkumin da Ya Raina

Akwai wani matashi ɗan Kano mai suna Haidar, yana karatu a wata kwaleji a Dubai. Jama'a, ku ba ni aron hankalinku. Labarinsa da dariya ya fara, amma ni duk lokacin da na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Allah ya ba Haidar murya. Ba ta waƙa ba, ta kirari. In ya buɗe baki a ɗakin wasan ƙwallon kwando na kwalejinsu, har mai shayin karak da ke bakin ƙofa sai ya leƙo. Shi bai taɓa jefa ƙwallo cikin kwando ba, amma in an ci wasa shi ake ɗagawa sama.

Kwalejin tana da 'yan mata masu rawa da tsalle a gefen fili don ƙara wa 'yan wasa ƙaimi, yawancinsu 'yan Filifin da Labanan da Indiya. Haidar ya ga abin bai yi masa armashi ba, sai ya haɗa nasa ayarin na ɗaliban Najeriya da Nijar da Gana. Ganga ɗaya, ƙahon roba ɗaya, sai 'yan amshi. Ya ɗauko kirarin 'yan dambe ya juya shi kan 'yan ƙwallo. Larabawa ba sa jin ko kalma, amma jikinsu na tsuma.

Yabo ya yi yawa, kan yaro ya kumbura. Ya kai in ka ba shi shawara sai ya dube ka kamar ka taka masa sabon takalmi.

Haidar yana zaune ne a unguwar Hor Al Anz tare da kawunsa, Alhaji Labaran, yayan mahaifiyarsa. Kawu Labaran harkar kago yake yi a unguwar kasuwanci ta Deira, yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya yana tura musu gida. Matarsa Halima Sa'adiya da 'ya'yansa suna Kano. Shi ya kawo Haidar Dubai, shi ya nema masa makaranta, kuma ba ya kiransa da komai sai Sanƙira, don tsokana.

“Sanƙira, an aiko ka karatu ka zama maroƙi,” in ji shi, yana dariya. “Me zan gaya wa uwarka?”

Mutum ne mai sanyin hali, amma jikinsa ba lafiyayye ba ne. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga ƙirji da ke toshe masa in sanyi ya kama shi.

Sai korona ta zo. Aka rufe makarantu, aka rufe kasuwanni, gari ya yi tsit. Likitan da ke duba Kawu Labaran bai ɓoye masa ba, ya ce irinsa in ciwon nan ya kama shi da wuya ya tashi.

Kawu ya ji, ya kuma kiyaye. Ko da aka sake buɗe gari, shi bai koma wurin aikinsa a Deira ba, ta waya yake aikinsa. Ko burodi zai sauka ya saya sai da takunkumi a fuska. Ya koma kwana a ƙuryar ɗaki, Haidar a falo, kowa da kwanonsa da kofinsa. Mutumin da bai iya cin abinci shi kaɗai ba, ya haƙura.

Ranar da Haidar zai koma makaranta, Kawu ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakinsa ya ce, “Sanƙira, ni dai ba na fita. Kai ne ƙofata. Duk abin da ka shigo da shi, shi zan samu. Ka rufa mini asiri.”

“Haba Kawu, inshallah ba komai,” in ji Haidar.

Da aka dawo da wasanni, kwalejin ta kafa sharaɗi. 'Yan kallo kaɗan, a zauna nesa da juna, kuma duk wanda ba cikin fili yake buga ƙwallo ba dole ya rufe hanci da baki. Har 'yan matan nan masu rawa da takunkumi suke tsalle, suna haki, amma ba su cire ba.

Haidar kuwa ya mai da abin wasa. A jirgin ƙasa na metro yana sawa don tsoron tara. A gaban Kawu yana sawa. Da ya hau benen 'yan kallo sai ya ja shi ƙasa. Kun dai san irin takunkumin nan na rufe haɓa, kamar a gemu ciwon yake shiga.

“Ku ji sunan abin ma,” yakan ce wa ayarinsa. “Takunkumi! A garinmu wa ake sa wa takunkumi? Jaki, don kada ya ci dawar mutane. Sai ɗan maraƙi, don kada ya shanye nono. To ni ba jaki ba ne, ubana ma ba jaki ba ne.”

Sai a bushe da dariya. Magana in ta yi daɗi a baki, ba a tsayawa duba ko tana da hankali.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya, Bilqis, 'yar Zariya, wadda ke jagorantar 'yan amshi mata. Ita nata takunkumin ba ya sauka, daga ƙarƙashin ido har cikin hijabi.

Aka kai wasan kusa da na ƙarshe. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an riga an yi wa kwalejinsu nisa da maki. 'Yan wasa sun yi laushi, 'yan kallo sun yi jugum. Haidar ya juyo ya dubi mutanensa, ido ya yi ja.

“Wai makoki muka zo? Ba a jin ku! Kirari ba ya fita ta cikin tsumma. Yalla, kowa ya sauke abin nan, mu matso wuri ɗaya!”

Bilqis ta ce, “Haidar, dubi Fahad fa. Tun ɗazu yake tari, idonsa kamar garwashi.”

Fahad shi ne mai busa ƙahon. Ya goge gumi ya ce, “Sanyin AC ne kawai, habibi. Ba komai.”

“Kin ji ko?” in ji Haidar. “Sauke.”

“Ba zan sauke ba. Kai ma da ka mai da naka. Ba kai kaɗai ba ne a flat ɗinku, kowa ya san halin da Kawu yake ciki.”

Ai kuwa kamar ta watsa wa wuta fetur. A gaban mutane za a ambaci kawunsa a yi masa wa'azi? Haidar ya dafe ƙugu, ya ɗaga kai sama, ya yi kukan jaki da wannan muryar tasa, har ƙarshen ɗakin aka ji. Ya nuna ta ya ce, “A ba ta dusa, ta yi biyayya!”

Samari suka kwashe da dariya, har da masu tafi. Bilqis ta ɗauki jakarta ta sauka, hawaye na jiƙa takunkumin. Ƙawayenta biyu suka bi ta, sauran suka sauke nasu don kada a yi musu irin wannan.

Masu kula da doka hankalinsu na kan fili. Ayari ya cure wuri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, baki buɗe. Da numfashin Fahad ya gaza, Haidar ya fizge ƙahon daga bakinsa ya busa da kansa, ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa na gaba.

Kuma suka ci wasan. Wallahi suka ci, a daƙiƙar ƙarshe. Aka rungumi juna, aka ɗaga Haidar sama, aka ce muryarsa ce ta juya wasa. Ya dawo gida da takunkuminsa a fuska tsaf, kamar mutumin kirki.

Bayan 'yan kwanaki ya tashi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Kafin azahar zazzaɓi ya rufe shi.

To kun san mu. Bahaushe ko a kan ƙanƙara ya yi zazzaɓi, maleriya ce. Ba ya tambayar ina sauron ya same shi. Haidar ya ce wa kansa tsohuwar maleriyar Kano ce ta motsa, ya ja bargo.

Yana kwance a falo sai wayarsa ta yi ƙara. Fahad ne, murya a dushe.

“Haidar, an yi mini gwaji. Positive ne, korona ce. Ka je a duba ka, don Allah. Kuma ka nisanci Kawu.”

Haidar ya kashe wayar. Ba a jima ba ta sake ƙara. Wannan karon Bilqis ce, wadda ya yi wa kukan jaki a bainar jama'a.

“Na ji labarin Fahad,” ta ce. “Ba faɗa na kira mu yi ba. Ka gaya wa Kawu yanzu, ko ya koma wurin wani kafin a gwada ka.”

“Wa ya ce miki ba ni da lafiya?”

“Muryarka ta gaya mini.”

“Khalas, ya isa haka, Bilqis. Ki ji da kanki.” Ya katse.

Ga abin da ke ransa, don kada ku ce bai san me yake yi ba. Wasan ƙarshe na nan tafe a ƙarshen mako. In ya yi magana za a killace shi, a yi wasan ba shi. Za a tambayi yadda aka yi, a gano shi ya sa mutane suka sauke takunkumi. Sannan abin da ya fi ci masa rai, kowa zai ce Bilqis ce mai gaskiya. Sai ya ce bari ya daure kwana biyu, ai shi yaro ne, jininsa da ƙarfi.

Bayan la'asar Kawu Labaran ya leƙo daga ɗakinsa, takunkumi a fuska, carbi a hannu. Ya tsaya daga nesa yana kallon yaron na rawar sanyi.

“Sanƙira, yau ban ji bakinka ba. Jikin ne?”

“Maleriya ce, Kawu.”

Kawu ya ce, “Haidar.” Ba kasafai yake kiran sunan ba. “Ka gaya mini tsakaninka da Allah. A makarantar nan akwai wanda ka yi cuɗanya da shi mai wannan ciwon? Kana sa takunkuminka?”

Jama'a, nan ne wurin. Kalma ɗaya ce tsakanin dattijon nan da kabari, kuma tana bakin Haidar. Wayar da Fahad ya kira shi da ita tana ƙarƙashin matashin kansa, ko hucewa ba ta yi ba.

“Kullum ina sawa, Kawu. Ba kowa. Maleriya ce, na san ta.”

Kawu ya sauke ajiyar zuciya. “Alhamdulillahi. Ai takan ɓuya a jiki ta dawo. Ɗan ƙanwata ba zai yi mini ƙarya ba.”

Ya koma ɗaki ya ɗauko maganin maleriyar da yake ajiyewa daga gida. Ya shiga kicin ya dama kunun tsamiya. Sannan ya zo ya zauna a bakin katifar Haidar, wurin da ya yi watanni bai zauna ba.

Ya sa hannu ya cire takunkuminsa, ya ajiye a gefe. Ai ba a tofi da baki a rufe.

Ya tallafo kan yaron ya ɗora a cinyarsa. Ya karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya sunkuyo dab da fuskarsa yana tofa masa, yana shafa masa goshi da ƙirji. Tari ya taso wa Haidar, ya yi ƙoƙarin danne shi, ya kasa. Kawu bai ko kau da kai ba, sai “sannu, sannu” yake yi.

Ya ɗebo kunun a cokali, ya kurɓa ya ji ko ya huce, ya ba shi. Ya sake ɗebowa da cokalin, ya sake kurɓa.

Hawaye ya gangaro wa Haidar. Kawu ya share masa da tafin hannu ya ce, “Haba Sanƙira, babba da kai? Zazzaɓi ne, zai wuce. Uwarka ta ba ni amana, in ban yi jinyarka ba wa zai yi?”

Ko a lokacin, da ya buɗe baki, wataƙila da an yi wani abu. Bai buɗe ba. Haka Kawu ya yi ta yi masa safe da yamma har zazzaɓin ya sauka.

Wasan ƙarshen da ya yi shiru dominsa kuwa, ba a ma yi shi ba. Ɗalibai da dama daga ayarin nan suka kwanta, kwalejin ta soke wasan, ta ce duk wanda ya zauna a wannan benen ya je gwaji. Haidar ya je. Sakamako ya fito yadda ya riga ya sani.

Ya dawo yana juya yadda zai faɗa, sai ya tarar da Kawu zaune a kan sallaya, ya dafe ƙirji.

“Sanƙira, wai turaren nan ya lalace ne? Na shafa ban ji ƙamshinsa ba.”

Haidar ya durƙusa ya ce, “Kawu, an gwada ni. Ciwon ne.”

Kawu ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa. Bai tambaye shi tun yaushe ya sani ba, kuma rashin tambayar ya fi duka zafi. Abin da ya ce kawai, “Allah ya sa kaffara ce. Kira mana motar asibiti.”

Ma'aikatan asibiti suka zo cikin fararen kaya, ba a ganin komai nasu sai ido. Suka sa masa abin numfashi, suka sauka da shi. Haidar ya biyo su har bakin lif, suka ce ya koma ciki, shi ma a killace yake, ba inda za shi. Ta taga ya ga an rufe ƙofar motar.

Kwanakin farko Kawu yana iya ɗaga waya, magana ɗaya numfashi uku. Daga baya aka mai da shi ɗakin masu tsanani, wayar ta daina shiga. Haidar shi kaɗai a gida, lafiya ta dawo masa sarai, har yunwa yake ji. Wannan lafiyar ita ta fi komai ƙona masa rai. Ya yi salla, ya yi kuka, ya roƙi Allah ya ɗauke shi ya bar dattijon. Ba a yin wannan musayar.

Wata safiya asibiti suka kira Alhaji Ɗalhatu, abokin aikin Kawu a Deira. Shi ya kira Haidar. Da ya ji an fara da “Innalillahi”, bai ji sauran ba.

Ba a kai gawa Kano ba. A maƙabartar Al Quoz, nan Dubai, aka binne shi, mutane ƙalilan, kowa nesa da kowa. Mutumin da in ya sauka a kasuwar Kantin Kwari sai ya yi awa yana gaisawa, sahun jana'izarsa bai cika ɗaya ba. Haidar bai samu zuwa ba, kwanakin killacewarsa ba su ƙare ba. Alhaji Ɗalhatu ya ɗaga masa waya daga nesa, ya ga rairayi, ya ga bayan mutane, hoton yana yankewa.

Abokai suka yi ta kira. Kowa da abin da yake faɗa: kwana ne ya ƙare, haƙuri, kowa da ranarsa. Gaskiya suka faɗa. Amma su ba su san abin da aka tambaye shi ba, da amsar da ya bayar.

Kira ɗaya yake gudu, na Halima Sa'adiya, matar Kawu. Ran nan da hantsi ta kira, ya ga ba makawa ya ɗauka. Tana cikin takaba, muryarta ta dushe da kuka, ana jin ƙaramar 'yarsu a kusa tana tambayar da wa ake magana.

“Haidar, ya haƙuri?”

“Anti, ya namu haƙurin?”

“Sai godiya. Na kira in yi maka godiya ne. Alhaji kullum sai ya yi mini zancenka. Lokacin da kake kwance ya ce mini, Halima, yau na yi wa ɗana tofi, na ba shi kunu a baki kamar yaye. Yana ta dariya. Allah ya yi maka albarka, kai ka ɗebe masa kewa a ƙasar mutane.”

Haidar ya toshe bakinsa da hannu.

“Abu ɗaya nake so ka gaya mini, don hankalina ya kwanta. Kai ne nasa a can. Ya cika da kalmar shahada? Wa ke kusa da shi? Wa ya rufe masa ido?”

“Ban sani ba, Anti.”

“Ba ka sani ba?”

“Ba na wurin. Ba kowa namu a wurin.”

 Da ya bar ta haka, da har abada tana sa masa albarka. Amma albarkar ta fi ƙarfin ƙirjinsa. Sai ya faɗa mata komai, da ƙahon, da kiran Fahad, da tambayar da Kawu ya yi masa daga bakin ƙofa.



“Ya tambaye ka?” ta ce a hankali.

“Ya tambaye ni.”

“Kuma ka sani?”

“Na sani.”

“Ka bar shi ya cire takunkuminsa.”



“Ba zan yi maka baki ba, Haidar,” in ji ta. “Shi ba zai so ba, kuma ba zan ɓata masa kwanciya ba. Uwarka ma ba daga bakina za ta ji ba, ɗan'uwanta ɗaya ta rasa, ba zan ƙara mata da ɗa ba. Amma yaran nan da ka mayar marayu, kada ka zo ka shafa musu kai. Kuma kada ka ƙara kirana.”

Ta ajiye wayar.

Darasi: Ajali na hannun Allah, wannan ba musu. Amma kada ka yarda girman kai ya sa ka zama sanadi. Ƙarfin jikinka naka ne, raunin wanda kuke kwana gida ɗaya kuma amana ce a wuyanka. Dokar da aka kafa don kare rai ba abin ba'a ba ce, wanda ya tuna maka da ita kuma ba maƙiyinka ba ne. In ka yi kuskure ka faɗa tun ana iya gyarawa, don kunyar yini ɗaya ta fi nadamar da ba ta da ranar ƙarewa. Ku tura wa matasanmu da ke makarantu, na gida da na waje, ko Allah ya sa wani ya buɗe baki tun kafin lokaci ya ƙure masa.